Shekara Hamsin Ana Ɗaukar Hoton Dakoro Daga Sama, Mu Yaushe Za Mu Duba?

Duk mai riƙe da babbar salula a Dakoro ya san yadda mega ke tafiya. Ka zuba na jika guda da safe, kafin la'asar saƙo ya shigo wai ya ƙare. In ka zauna ka yi lissafin abin da ka samu, sai ka tarar barkwanci ne, da ƙwallon Turai, da cacar baki tsakanin wasu mutum biyu da ba ka taɓa gani ba. Ni ban zo hana kowa dariya ba. Rayuwa ta yi tsada, wanda ya samu abin da zai sa shi murmushi, to ya yi abinsa. Abin da ke damuna shi ne, a cikin intanet ɗin nan akwai ƙofofin da aka bari a buɗe, ba a biyan ko dala a bakinsu, abin da ke bayansu kuma ya shafi gonakinmu da makiyayarmu da rijiyoyinmu kai tsaye, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa leƙawa.

Abubuwan mamaki dai suna da yawa. Akwai wani shafi mai suna Radio Garden, duniya ce dunƙule kamar ƙwallo, kana juya ta da yatsa kana faɗawa gidajen rediyon Dakar ko Alkahira ko Legas. Akwai Flightradar24, wanda zai gaya maka jirgin nan da ya ratsa sama ya bar farin layi daga wane gari ya taso, ina kuma ya nufa. Akwai Stellarium, ka ɗaga salula da dare ta nuna maka inda Kaza da ƴaƴanta suke da inda Zara ta tsaya. Har ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai ɗauke da kalmomin Hausa da kakanninmu suka sani mu muka manta, yana nan ana bincika shi kyauta. Wanda ya kashe dare guda a kansu bai yi asara ba. Amma yau a kan abu ɗaya nake son mu tsaya, don shi ya fi kusa da tukunyarmu: hotunan ƙasa da taurarin ɗan adam ke ɗauka daga sama.

Tun 1972, lokacin da Amurka ta harba tauraron Landsat na farko, ake ɗaukar hoton doron ƙasa ana ajiyewa. Shekara da shekaru hotunan na sayarwa ne, guda ɗaya kan kai ɗaruruwan dalar Amurka, don haka sai manyan jami'o'i da gwamnatoci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ke iya taɓa su. A 2008 aka buɗe rumbun gaba ɗaya, aka ce kowa ya ɗiba. A 2015 Turai ta harba nata tauraron, Sentinel-2, wanda yanzu shi da abokin tafiyarsa ke ratsa kanmu duk bayan kwana biyar. Kowane ɗigo a hotonsa fili ne mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, kuma ana kallonsa kyauta a shafin Copernicus Browser. Google Earth kuwa ya jera tsofaffin hotunan shekara bayan shekara tun daga 1984, ka danna ka ga yankinku yana sauya kama a gabanka kamar majigi.

Jama'a, mu auna abin da wannan ke nufi. Yunwar 1984 da iyayenmu ke kira El Buhari, da ƙarancin cimaka na 2005 da ya kai sunan Dakoro cikin jaridun duniya, da mutuwar bisashe ta 2010, duka sun faru ne a ƙarƙashin wannan ido. An ga ciyawa ta ƙi fitowa, an ga tabkuna sun ƙafe, an ga gonaki suna hawa arewa. Waɗanda suka gani suna zaune a ofisoshin Washinton da Paris da Roma da Yamai, kuma abin da suka gani ya shiga cikin shawarar inda buhun hatsi zai tafi. Wasunsu sun yi aikin kirki, ba na musu. Amma mai gonar da mai garken, waɗanda hoton nasu ne, ba a nuna musu ba. Yau an cire kuɗin. Abin da ya rage tsakaninmu da hoton shi ne rashin sani, shi kuwa muna da maganinsa.

In akwai mai shakkar cewa hoton sama na iya tsaya wa talaka shaida, ya dubi abin da ya faru a nan jaharmu ta Maradi. A shekarun 1970 da 1980 labarin da duniya ta riƙe game da mu ɗaya ne: manoman Sahel sun sare itatuwa, hamada tana cinye su. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwan da akasarinsu suka mutu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya da ke aiki a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa lokacin sassabe kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwoyinsu a ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, itace zai tashi ba dashe ba ban ruwa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga tsofaffi, farfaɗo da ita aka yi, aka sa mata suna sassaben zamani. Maƙwabci ya gani ga maƙwabci, aka yi shekara ashirin ana yi duniya ba ta lura ba. Sai a shekarun 2000 masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou suka ajiye hotunan jirgin sama na 1975 kusa da sababbin hotunan tauraro. Abin da suka gani ya juya labarin: kimanin hekta miliyan 5 a jahohin Maradi da Damagaram sun sake yin itatuwa, an ƙiyasta wajen miliyan 200, su gawo da kalgo da sabara da aduwa. Manomi ne ya yi aikin da gatarinsa, amma sai da hoto ya yi magana aka yarda. Shi shaida ne da ba ya karɓar goro, ba ya kuma mantuwa.

To mu a Dakoro wace shaida muke bukata? Kowa ya san inda ke mana ciwo. Gundumarmu tana zaune daidai inda noma da kiwo suka yi iyaka. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce abin da ke bayanta na kiwo ne, a wajenmu kuma kwarin Tarka ne alamar da kowa ya sani. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka, ta kuma ce yawon makiyayi da garkensa haƙƙi ne da hukuma ta amince da shi. Sai dai yawanmu na 1961 ba shi ne na yau ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum dubu 600 a gundumar Dakoro, bayan an riga an cire Bermo. Baki ya ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Gona ta hau arewa, burtali ya tsuke, bakin tabki ya zama garkar wani. Shi manomi ba don mugunta ya yi ba, ƴaƴa ne ke jiran tuwo. Shi ma makiyayi ba shi ya ƙirƙiri ƙishirwar shanunsa ba.

Duk lokacin da rigima ta tashi a kan burtali, maganar ɗaya ce. Wannan ya ce, "Wurin ga tun kakana gona ta." Wancan ya ce, "Tun ina yaro ta nan munka saba bi da shanu zuwa arewa." Tsofaffin da suka san gaskiya suna ƙarewa, waɗanda suka rage kuma kowa na jin nauyin wani. A nan hoton sama ke da rana. In ka buɗe Google Earth ka matso sosai, burtali yana fitowa kamar zare tsakanin gonaki, ana ganin inda ya yi faɗi da inda aka ci shi har ya kusa tsinkewa. In ka koma tsofaffin hotunan wuri guda, sau da yawa za ka gane lokacin da hauya ta fara shiga. Salular da ke aljihunka kuma tana da GPS, shi kuwa ba ya cin mega, ba ya jiran rezo, daga taurari yake karɓar saƙo kai tsaye. Saurayi ɗaya da ya bi burtali a ƙafa tare da wakilin maigari da wakilin makiyaya, yana rubuta lambar wurin kowane turken siminti, ya ajiye wa garinsu abin da ko an tumɓuke turken ba zai ɓace ba.

Sai dai a nan dole in ja kunne. Hoto shaida ne, ba alƙali ba ne. Jahar nan ta ga abin da rikicin manoma da makiyaya ke iya haifarwa: a Toda, cikin watan Oktoba na 1991, an kashe mutum sama da ɗari, akasarinsu mata da yara. Ba mai son a koma can. Saurayin da ya samo hoto ya watsa shi a WhatsApp da rubutun "ga masu cin burtali", fetur ya zuba wa wuta. Wurin kai hoto sananne ne. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda muka fi sani da COFO, kuma yau akwai su daga matakin gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye, inda sarakuna da malaman gona da na kiwo da wakilan manoma da makiyaya ke zama tare. Can ake shimfiɗa hoto a kan tabarma kowa ya duba, da rani, tun zukata na sanyi, kafin ranar da shanu za su faɗa cikin hatsi.

Abu na biyu shi ne gobarar daji. Wanda ya san arewacin Dakoro da Bermo da Gadabeji ya san shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar fargaba, don ciyawa ta yi yawa ta bushe, iskar hunturu kuma ta taso. Guntun taba ko garwashin shayi na iya cinye abincin rani guda cikin yini ɗaya. Hukumar NASA tana da shafi mai suna FIRMS. Taurarinta suna jin zafin wuta daga sama, su sa jan ɗigo a taswira a inda ta kama, galibi cikin awa uku bayan wucewar tauraron. Mutum na iya shata yankin da ya dame shi ya ba da adireshin imel, duk ranar da aka ga wuta a ciki a aiko masa. Ba ya kama kowace ƙaramar wuta, ba kuma zai riga makiyayin da ke wurin ganin hayaƙi ba. Amma yana nuna wa mutanen gari inda wutar ta kai, kuma in aka tara ɗigon shekara biyar ko goma sai a ga wuraren da ta saba tashi. Da wannan ake iya tambayar masu share hanyoyin tare wuta: me ya sa aka share nan aka bar can? Ku tuna gandun Gadabeji, mai hekta dubu 76, an keɓe shi tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin wuraren ajiyar halittu na duniya a 2017, aka kuma kawo masa raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018. Dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, ashana ɗaya kuma ta ishe ta.

Na uku, ciyawa da ruwa da farashi. Cibiyar AGRHYMET, wadda ke Yamai tun 1974, tana fitar da hasashen damina kowace shekara kafin shuka. Ƙungiyar Action contre la Faim tana wallafa taswirar yawan ciyawa da ruwan tabkuna na Sahel a shafin sigsahel.info, kore inda aka samu, ja inda aka yi giɓi. RECA, haɗakar majalisun manoma na Nijar, ta tara takardun bayani kan iri da ƙwari da magani da taki a shafinta, har tana amsa tambayoyin manoma da Hausa ta waya da WhatsApp. Makiyayin da ya ji tun watan Oktoba cewa giɓin ciyawar bana babba ne yana iya rage garke tun bisashe na da nama da daraja, ya sayi dusa da hatsi ya ajiye. A 2010 mutane da yawa sun riƙe har saniya ta kasa tashi, aka saye ta a kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Labari da wuri kuɗi ne, an ma auna shi a ƙasar nan. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari, ta samu cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda rezo ya isa. Ƙaramar salula mai maɓalli ce fa ta yi wannan, babu hoto babu intanet. Ina ga wadda ke hannunmu yau?

Akwai kuma gefen da ya fi ci mini rai. Idon sama yana ganin bukka da rijiya da turba, amma bai san sunansu ba. Suna mutum ne ke sawa. Buɗe taswira a salularka ka matsa daga Maradi zuwa arewa, ka wuce Sabon Mashi da Kornaka, ka shigo Dakoro, sannan ka bar babbar hanya. Nan da nan sunaye za su fara ƙaranci. Ƙauyuka da zangon makiyaya da aka haifi mutane suka tsufa a ciki, a taswira fili ne fari. Waɗanda aka sa kuma da rubutun Faransanci ne, in ba ka rubuta Adjékoria ko Dan Goulbi yadda Bature ya ji su ba, sau da yawa injin zai ce bai san wurin ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai tsara allurar rigakafi da mai lissafin inda za a gina aji ko a haƙa fanfo duk taswira suke dubawa. Garin da babu shi a taswira, sai an gama rabo a tuna da shi.

Maganin wannan ma a buɗe yake. OpenStreetMap taswira ce da jama'a ke zanawa da hannunsu tun 2004. Kowa na iya buɗe asusu kyauta ya ƙara ƙauyensu da lakwal da ɗakin shan magani da rijiya, ya kuma rubuta sunan yadda masu wurin ke faɗinsa, da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek, kusa da na Faransanci. Ƙungiyoyin agaji da yawa da ita suke aiki, manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps kuma suna sauke ta cikin salula ta yi aiki ba rezo. Haka Wikipedia ta Hausa. Tana nan tana girma, amma yawancin masu rubutu a cikinta ƴan uwanmu ne na Najeriya, kuma ba laifinsu ba ne in ba su san sarautar Kornaka ko kasuwar bisashe ta Sakabal ba. Birnin Lalle da ke nan kusa da mu ya taɓa zama babban birnin Gobir. Yara nawa ne a Dakoro za su same shi da Hausa, da bakin tsofaffin wurin, in sun nema? In mu ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana daga nesa, ko a bar wurin fari.

Yanzu bari mu taɓa kalmar nan "kyauta", don banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawancin abin da na lissafa an riga an biya shi da harajin mutanen wasu ƙasashe ko da gumin masu aikin sa kai. Google kuwa kamfani ne, yana ba ka taswira yana kuma sanin inda ka je. Amma duka daban suke da saƙonnin da ke yawo, wai danna nan ka samu mega kyauta, ko tallafin kuɗi, ko aiki a wata ƙungiya. Alamar gane su mai sauƙi ce. Shafin ilimi na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin asusun kuɗinka, ba ya neman lambar da aka turo maka ta saƙo, ba ya cewa sai ka tura wa mutum ashirin kafin ya buɗe. Wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ɓarawo ne, rufe shi.

Su ma kayan kirkin suna da iyaka. Hoton Google Earth na iya zama na shekara biyu ko uku da suka wuce, a duba kwanan watan da ke jikinsa kafin a rantse da shi. Gajimare na rufe idon tauraro a tsakiyar damina. GPS na salula na iya kauce wa daidai da ƴan mitoci, don haka ba a yanke iyakar gona tsakanin wa da ƙane da shi kaɗai. Sannan akwai abin da ba a sawa a gaban duniya: inda garken wani ke kwana, da hanyar da fatake ke bi in sun taso daga kasuwa da kuɗi. Ƴan uwanmu na Madarunfa da Gidan Runji sun san abin da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane ke yi da irin wannan labari. Wuraren jami'an tsaro kuma a yi nesa da su da kyamara. Wanda zai fita auna burtali ko rijiya ya fara gaida maigari, ya sanar da ma'aikatar magajin gari, ya faɗi abin da ya kawo shi. Mai zagaya gonar mutane da salula a sama ba sallama, shi ya jawo wa kansa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, kana zancen tauraro, mu da ko cajin salula sai mun biya, rezo kuwa sai an hau bisa tudu?" Gaskiya ne. Mafi yawan mutanen gundumar nan ba su da babbar salula, da yawa ba su yi boko ba, mata kuma su suka fi nisa da ita, alhali su ke ɗiban ruwa da itace, su suka fi kowa sanin wace rijiya ta ƙafe. Shafukan da Faransanci ko Ingilishi suke, hotunan kuma suna shan mega. Amma wannan nauyi ne a kanmu, mu ƴan ƙalilan da Allah ya ba karatu da salula. Ba a bukatar kowa ya buɗe FIRMS. Mutum ɗaya a fada ya isa. Ya buɗe, ya ɗauki hoton abin da ya gani, ya yi bayani da murya cikin minti ɗaya da Hausa ko Fulatanci, ya tura. Mai rediyon gari ya karanta, mushe ya nuna wa ƴan aji. Kuɗin shayin kwana biyu na fada guda ya isa sayen megan da za a sauke taswirar yankinmu. Abin da aka sauke kuma a ajiye, a raba shi salula zuwa salula, don mun ga yadda aka rufe intanet ɗin salula kwana goma a ƙasar nan bayan zaɓen Fabrairun 2021, mun kuma san halin kuran. Akwai manhajar Kiwix da ke ajiye Wikipedia cikin katin salula ta buɗe ba rezo. Abin da ke cikin rumbunka shi ne naka.

Ga kiran da nake yi, kuma babu abin da ke jiran furoje ko farar mota a ciki.

Samari da ƴan mata na lise, da masu takardu da ke zaman jiran aiki, kowace fada ta ɗauki ƙauye ɗaya ko unguwa ɗaya ta sa ta a taswira da sunanta na gaskiya kafin damina mai zuwa. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ƴan asalin nan, musamman masu karatun noma da muhalli, in kun zo hutu ku zaunar da ƙannenku yini biyu ku koya musu. Malaman makaranta, yaro ya fara ganin rufin gidansu da tabkin garinsu daga sama kafin a haddace masa kogunan Turai.

Ma'aikatun magajin gari da kwamitocin COFO, a buga babban hoton kowace ƙaramar hukuma, a zana burtali da mashaya da makiyaya a kai, a manna a bango inda manomi da makiyayi za su iya sa yatsa su ce nan ne. Ma'aikatun noma da kiwo da gandun daji, rahoton da ya zo muku daga Yamai kada ya kwana cikin aljihun tebur da Faransanci, a juya shi zuwa murya ya isa rugga da ƙauye. Ƙungiyoyin da ke zuwa su auna rijiyoyinmu su ƙidaya bisashenmu, ku bar wa gari kwafin abin da kuka ɗauka. Kamfanonin salula kuma, ku bar shafukan hasashen damina da na shawarar noma a buɗe ba cin mega. An yi irin haka da Wikipedia a ƙasashe da dama tsakanin 2012 da 2018, ba sabon abu muke roƙo ba.

Kakanninmu sun karanta sama da idonsu. Daga taurari da juyawar iska da zuwan shamuwa suke sanin damina ta kusa, kuma wanda ya gane ba ya ɓoyewa, gari duka yake gaya wa. Wannan ɗabi'ar ce muke bukata, kayan aikin ne kawai suka sauya. Nan da kwana biyar tauraron zai sake ratsa kan Tarka ya ɗauki hotonsa, ko mun duba ko ba mu duba ba. Yau da dare, kafin megan ya ƙare, kowa ya nemi garinsu a taswira. Wanda bai same shi ba ya faɗa mana sunansa, mu fara daga nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.